Neman Hanta Daga Salaga Zuwa Bawku

Wannan watan labarin tafiya muka kawo muku, kuma dalilin tafiyar hanta ce. Kada ku yi dariya tukuna.

Wani ɗan yayanmu mazaunin Hambug ta ƙasar Jamus ya zo ganin gida. Likita ya gaya masa sukari ya fara hawa a jininsa, shi kuwa sai ya kama wani tsarin cin abinci da Turawa ke kira Paleo, wato komawa ga cimar mutanen farko, kafin a san noma. Ba hatsi, ba wake, ba madara, ba sukari. Sai nama da kifi da ƙwai da ganye da 'ya'yan itace. Wasu masana biyu na Amurka, Eaton da Konner, suka yi rubutu a kai a 1985, sannan littafin Loren Cordain na 2002 ya baza shi duniya. Da yaron ya sauka Kumashi ya ƙi tuwo, ya ƙi wake da shinkafa, ya ƙi koko da ƙosai. Goggonsa har da ƙwalla, ta ce, "Ɗan nan, yunwa za ka kashe kanka da ita a gidan ubanka?"

Abin da ya fi ba shi takaici a can, in ji shi, wani abinci ne na Jamusawa, Leberwurst: hanta da kitse da albasa a niƙa, a ɗura cikin hanji, a dafa. Masu tsarin nan suna ci da kokwamba ko dafaffen ƙwai maimakon burodi. To amma akasarinsa da naman alade ake yi, saboda haka sai dai ya kalla a kanti ya wuce. Muka ce masa ya tashi mu tafi arewa, ya ga abin da mahautanmu suke yi.

Daga Yeji muka shiga jirgin fito muka haye tafkin Volta zuwa Makango, daga nan mota ta kai mu Salaga. Duk Bahaushen Gana yana da wani abu a garin nan, ko bai taɓa taka shi ba. Nan ne Gwanjan da fatake ke nufi, inda ayarin Kano da Katsina ke sauke kanwa da tufafi da dabbobi su ɗauki goron Tonawa. Nan kuma aka sayar da bayi masu yawa. Wurin da ake kira Wankan Bayi yana nan, da sunansa na Hausa, ba mu da halin cewa kakanninmu ba su sani ba. Cinikin goro ya raunana bayan Ingilishi sun ci Kumashi a 1874, yaƙin basasa na 1892 kuma ya watse garin. Malamai irin su Alhaji Umaru, mutumin Kano, suka ƙare a Karaki, inda ya rasu a 1934. Yau Salaga gari ne mai sanyin jiki a Yankin Savannah, doya ta fi goro yawa a kasuwa.

Da sassafe muka sami wani dattijon mahauci yana feɗe rago. Ya cire matsarmama a hankali, don in ta fashe ɗacinta ya ɓata hantar. Ya yanka hantar ƙanana, ya yi mata gishiri da citta da masoro, ya naɗe kowane yanki cikin kitsen nan mai kama da raga da ke lulluɓe da tumbi, ya soke a tsinke, ya kafa gefen garwashi, ba bisa harshen wuta ba. Kitsen ya narke ya shiga hantar, waje ya yi ƙus-ƙus, ciki ya yi laushi. Yaron ya ci tsinke uku bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Baba, ai wannan shi ne." Dattijon ya ce, "Yaro, wannan muke fara ba mai gida ran Layya tun ba a haifi ubanka ba."

A nan rigimar farko ta tashi. Dattijon ya kai hannu ga yaji, yaron ya ce a dakata. Yajin tsire, wanda 'yan kudu ke kira cicinga, da garin ƙuli-ƙuli ake yin sa, gyaɗa kuwa dangin wake ce, masu Paleo ba su ci. Mu dai a ganinmu an kai abin inda bai kamata ba. Ɗan barbaɗen ƙuli ba shi ne zai ta da sukarin mutum ba. Malmala uku ta tuwo da kwalbar lemo su ne abin tsoro. Duk da haka aka daka masa barkono da citta da kimba zalla, kuma gaskiya bai yi laifi ba.

Hanyar Bimbila zuwa Yandi ba ta da abin faɗi sai ƙura.

Yandi garin Ya-Na ne, sarkin Dagwamba. Mun wuce ta fadar Gbewaa, wadda ta ga baƙin ciki a 2002 da aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu, ba a sake naɗa wani ba sai a Janairun 2019. An kuma nuna mana kabarin Babatu, mayaƙin Zabarmawa. Fawa a ƙasar Dagwamba sana'ar gado ce mai sarautunta, kamar yadda muke da Sarkin Fawa. A gidan da muka sauka uwargida ta ji labarin abincin Jamusawa, ta ce wannan ba wuya. Ta tafasa hantar saniya sama-sama, ta daka a turmi da soyayyar albasa da kitse da kanumfari da ɗan daddawa, ta wanke hanji tas da gishiri da lemun tsami, ta ɗura, ta ɗaure bakin da zare, ta dafa a ruwan da bai kai tafasa sosai ba kada ya fashe. Muka yanka muka ci da gauta da tumatir da kwaɗon zogale. Washegari ta soya ragowar da ƙwan zabo a man kaɗe. Ta ce in ba firji, kada a bar shi ya wuce haka. Zafin arewa ba ya ragawa hanta.

Yaron ya so ya mai da ita abincin kullum, sai wata ma'aikaciyar jinya a gidan ta taka masa birki. Hanta tana da sinadarin ƙarin jini sosai, amma bitamin A da ke cikinta ya yi yawan da jiki ke tarawa har ya cutar. Hukumar lafiya ta Ingila tana ba da shawarar kada a wuce sau ɗaya a mako, mai ciki kuma ta ƙaurace mata gaba ɗaya. Ta ce masa, "Ƙanena, kitsen da ka ci jiya ma ka gaya wa likitanka."

Muka bi ta Gushegu, muka gangara dutsen Nakpanduri, muka ratsa Garu zuwa Bawku. Ko'ina ka juya Hausa ake yi, Kusasi da Mamprusi da Mosi da Bisa, duk da ita suke ciniki. Kasuwa tana ci duk bayan kwana uku, ga albasa buhu-buhu, ga zabi, ga dabbobi daga Burkina Faso da Togo. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya ci rayuka shekara da shekaru, dokar hana fita da dare ta sha kashe wa masu tukuba kasuwa, tunda tsire abincin dare ne. Wani mai balangu ya ce mana ya koyi hura wuta tun la'asar.

Shi ne kuma ya nuna mana yadda ake sayen hanta. Ya tsaga ta ya duba jijiyoyin, ya ce in sun yi fari sun yi tauri, ko ka ga tsutsa mai faɗi kamar ganye, ajiye ta. Dabbobin da ke kiwo a fadama su suka fi kamuwa. Ya tuna mana Yunin 2023, da cutar antaraks ta ɓulla a Binduri da kewaye, hukumar yankin ta hana yanka da sayar da dabbobi har wata guda, ana gab da Babbar Salla. Tun daga nan, in ji shi, naman da likitan dabbobi bai duba a kwata ba ba ya hawa tukubarsa, komai araharsa. Hantarsa kuwa sai ta gasu har ciki. Mai son ta da jini-jini ya nemi wani.

Ya yanka mana ita a takarda, da albasar Bawku ɗanya da barkono. Kusa da mu wata Bafillatana tana dama fura da nono mai sanyi. Yaron ya daɗe yana kallon ƙwaryar, sannan ya ce, "Kawu, mutanen farko dai ba su da shanu, ko?" Muka ce shi ya karanta littafin. Ya sha ludayi biyu, ya roƙe mu kada goggonsa ta ji.