Daga Ƙofar Abuja Zuwa Jami'a: Titi Ya Samu, Saura Safa

Duk wanda ya bar Ƙofar Birnin Abuja ya miƙi Titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, watau hanyar filin jirgin sama, ba zai ce an yi wa birnin nan rowar kwalta ba. Layi goma ne a shimfiɗe. Ka wuce Lugbe, ka wuce Gosa, ka bar kwanar filin jirgi ka nufi Giri, sai ga ƙofar Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, ta fara zama a Gwagwalada, kana a Disambar 2024 gwamnati ta amince a raɗa mata sunan Janar Yakubu Gowon.

To, a bakin ƙofar nan ne mai karatu zai ga abin takaici. Da yamma ɗalibai ne tsaitsaye cikin rana da ƙura, kowa na ɗaga wa 'yan kabu-kabu hannu. A cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ga tsada, ga fargabar faɗawa motar 'yan fashi masu shigar direbobi.

Ba dabara ce ta ɓace ba. Tun 1974 birnin Kuritiba na ƙasar Burazil ya keɓe wa manyan safa-safa layinsu na kansu, inda wata mota ba ta shiga, don haka cunkoso bai tsare su. Ikko ta kwaikwayi wannan a Maris 2008, ta buɗe layi mai tsawon kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS. Abuja kuwa, da ta fi Ikko fili nesa ba kusa ba, hani ta fi ƙwarewa a kai: an kori 'yan acaɓa daga tsakiyar gari a 2006, ƙananan bas-bas suka bi sahu a 2013. Manyan safa da aka kawo a madadinsu ba su wadatar ba, kuma cikin layukan nan goma ba a ware musu ko ɗaya ba.

Sai jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka ƙaddamar a 2018, ya tsaya a 2020, ya dawo aiki a Mayun 2024. Jirgi ne mai kyau, ba laifi. Amma iyakarsa filin jirgin sama, alhali jami'a tana can gaba. Ɗalibin da ya sauka a nan, sai ya sake fitowa bakin titi ya ɗaga hannu.