Farin Ƙyalle da Wayar Hannu a Sabon Ibadan

Ran nan bayan magariba ana tsakiyar wazifa a wata zawiya a Sabo, an shimfiɗa farin ƙyalle an shiga Jauharatul Kamali, sai wani dattijo ya hango wani saurayi ya ɗaga waya yana ɗaukar kansa, ido a lumshe, kai na kaɗawa. Kafin isha'i hoton ya hau Facebook. Tun daga ranar tsohon bai daina maganar ba.

Ya haura tamanin, kuma a nan aka yanke masa cibiya. Kakansa yana cikin fataken da suka tare a unguwar bayan kafa ta a 1916, masu sauke shanu daga Arewa, su ɗora goro a jirgin ƙasa zuwa Kano. Dattijon yana yaro aka daina zuwa babban masallacin Yarbawa, Sabo ta tsayar da Juma'arta a 1952, lokacin da failar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta biyo ta Kano ta mamaye unguwar. Wani Bature, Abner Cohen, ya rubuta a littafinsa na 1969 cewa ɗariƙar Tijjaniyya ta taimaka wa Hausawa riƙe kasuwancinsu. Dattijon yakan fusata da wannan magana, ya ce don Allah aka yi. Can kuma ya yi shiru, ya ce akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ya san masu gidajen baƙin da suka riƙi carbi don kada fatake su guje su.

Amma ba su ne ke hana shi barci ba. Kansa yake tuhuma.

Yana ɗan shekara talatin da 'yan kai ya yi tarbiyya a hannun wani muƙaddami. Ga lazimi safe da yamma, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, ga zikirin Juma'a bayan la'asar. Sai ya fara jin ya kai. Akwai wani tsoho ɗan garuwa da ke zama a ƙarshen da'ira, rigarsa a jiƙe, ƙafa duk faso. Wata rana ya ɗan matso kusa da ƙyallen, shi kuwa ya sa gwiwar hannu ya ture shi a gaban jama'a. Tsohon ya ce, “Yi haƙuri, ɗana,” ya ja baya, bai fasa hailalarsa ba. Da damina ta faɗi ya koma garinsu, ba a sake ganinsa ba. Dattijon ya ce a daren nan bakinsa yana kore kowane abin bauta ban da Allah, alhali gunki na zaune a ƙirjinsa, sunansa “ni”.

Shi ya sa yake da zafi a kan samarin yanzu. Yaro ya yi mako uku yana zikiri, ya fito yana ce wa kansa arifi, wani ma ya ce ya wuce salla. Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, salla biyar a kan lokaci ya sa cikin sharuɗɗan ɗariƙa, haka ma biyayya ga iyaye. To wa ya ba su wannan izini? Dattijon bai kuma ƙyale ɗaya ɓangaren ba. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 ake cacar baki kan wa ya fi wa tauhidi, kuma a ganinsa duk mai ƙirga 'yan wuta da yatsa, ɗan ɗariƙa ne ko ɗan Izala, ciwon da ya kama shi a wancan dare ne ke damunsa.

Yakan ce a bar waya a gida in za a zo wazifa. Shi kuma a wayar jikansa yake sauraron karatun malaman Kano kullum da hantsi, har ya ce Allah ya yi wa wanda ya ƙirƙiro ta albarka.

Da aka ce ya kira saurayin ya yi masa faɗa, ƙi ya yi, don bai manta da gwiwar hannunsa ba. Yanzu in ya shigo zawiya daga layin 'yan canji, ƙarshen da'ira yake nufa, kusa da takalma. Almajirai su tashi su ce, “Baba, matso gaba mana.” Ya ɗaga musu hannu, ya zaro carbinsa daga aljihu, ya zauna inda ɗan garuwan yake zama.