Mashayar Ƙauye A Ingila: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Kafin Ta Je

 A wannan watan za mu bar hayaniyar Landan mu shiga ƙauyukan Ingila, kuma na san za ki ɗan yamutsa fuska idan kin ji inda zan kai ki, wato mashayar ƙauye, wadda Turawan ke kira fob. Ki yi haƙuri ki biyo ni. Da yawanmu muna da ɗa ko 'ya ko ƙani da ke karatu ko aiki a can, wasunmu kuma sukan je bikin kammala karatu ko duba lafiya. Ranar da aka fita da ke yawo ƙauye, yunwa ta kama ki da rana tsaka, kina iya tarar da cewa duk faɗin ƙauyen babu inda ake dafa abincin sayarwa sai wannan gida. Gara ki san shi tun kina gida.

Mu ɗauki yankin Cotswolds, wanda ke yamma da birnin Oxford. Daga tashar jirgin ƙasa ta Paddington a Landan, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce zuwa garin Moreton-in-Marsh, daga nan kuma mil huɗu ne zuwa Stow-on-the-Wold. Ƙasa ce ta tuddai masu kore shar, tumaki ko'ina, gidajen kuma an gina su da wani dutse mai ruwan zuma. Cinikin ulun tumaki ne ya arzuta yankin ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A Stow ɗin akwai wata mashaya mai suna Porch House, wadda masu ita ke cewa wani sashe na gininta ya samo asali tun shekarar 947.

Tun daga nesa za ki gane mashaya da allon da ke rataye a ƙofarta, mai ɗauke da zane. A shekarar 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya su rataya alama, kuma da yake a lokacin yawancin mutane ba su iya karatu ba, sai aka riƙa zana hoto. Shi ya sa har yau sunayensu suke kamar na tatsuniya: Jan Zaki, Farin Doki, Garma, Kambin Sarauta. Wasu kuma ana kiransu Bishiyar Sarki, don tunawa da bishiyar da Sarki Charles na Biyu ya ɓuya a cikinta a 1651 bayan an ci shi da yaƙi.

Idan kin tura ƙofa, ki sunkuya, domin rufin ba shi da tsawo, kuma baƙaƙen katakan da suka tallafe shi sun sha bugun kawunan baƙi. Da sanyi za ki tarar da wutar itace tana ci a murhun jikin bango. Babu kiɗa mai ƙarfi, sai hira ƙasa-ƙasa. Ba za ki shaƙi hayaƙin taba ba, don tun ranar 1 ga Yuli 2007 aka hana shan ta a cikin irin waɗannan wurare a Ingila. Amma fa ki tattare bakin hijabinki, saboda mutanen ƙauye da karnukansu suke shiga, su kwanta a ƙarƙashin tebur.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne irin mutanen da ke ciki da rana: tsohuwa da jikokinta, manomi da takalmin ruwansa duk taɓo, masu yawon ƙafa da taswira a hannu. A wajen mutanen ƙauyen, wannan gida shi ne zaure, shi ne dandali. Nan ake cin abinci bayan an binne mamaci, nan 'yan wasan ƙauyen ke haɗuwa, nan ake gasar kacici-kacici da dare, nan ake jin wa ya haihu, wa zai sayar da gona. Don haka suke baƙin ciki da yadda gidajen ke rufewa. A shekarar 2000 akwai mashaya sama da 60,000 a Birtaniya, amma zuwa 2023 sun koma wajen 45,000. A 2003 mutanen ƙauyen Hesket Newmarket da ke arewacin Ingila karo-karo suka yi suka sayi tasu don kada ta mutu.

A kan kanta za ki ga wasu dogayen hannuwa a jere kamar taɓarya. Famfunan giyarsu ta gargajiya ke nan, wadda suke kira giyar ainihi. Da tsiron sha'ir ake yin ta, da ruwa da yis da furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hof. Ba a tace ta ƙarƙaf, ba a kashe yis ɗin da zafi. A haka ake zuba ta a ganga, ta ci gaba da nuna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyin digiri 11 zuwa 13, sannan a jawo ta da famfon hannu ba tare da an cusa mata iskar gas ba. Da zarar an buɗe ganga, cikin 'yan kwanaki sai ta yi tsami. Kofin da ake aunawa da shi mililita 568 ne, ya ɗan ɗara rabin lita. Lokacin da manyan kamfanoni suka so maye gurbinta da giyar da aka dura wa gas, wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare ta. A ƙauyen Hook Norton, ba nisa da nan, akwai gidan da ke dafa ta tun daga 1849. Na kawo miki wannan ne don ki san abin da idonki ke gani. Duk tsufan tarihinta, giya ce mai sa maye, hukuncinta kuma kin san shi.

Inda ya fi buƙatar lura shi ne kicin, domin giyar kan biyo abinci ba tare da sallama ba. Soyayyen kifi da dankali shi ne abin da Musulmi ke fara nuna wa yatsa, alhali a mashaya da yawa da giya ake kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin. Akwai wani fai na naman sa da a cikin giya ake dafa namansa. Ranar Lahadi kuwa, ranar gasasshen nama ce, da dankali da kayan lambu da wani abu kamar fanke da ake gasawa da fulawa, ƙwai da madara. Naman yawanci ba yankan Musulmi ba ne, dankalin da kitsen sa ko na agwagwa akan gasa shi, romon ma wani lokaci da ruwan inabi mai sa maye a ciki. Farantin da suke kira abincin mai garma, wato burodi da cuku da albasa da tuffa, shi ma sau da yawa akan ɗora masa yankan naman alade.

To me ya rage? Gasasshen kifi ba tare da miyar da ake zuba masa ba, dankalin da aka gasa da ɓawonsa aka zuba cuku ko wake, miyar kayan lambu da burodi, da abincin da aka sa wa harafin V a takarda, alamar babu nama, kodayake shi ma sai kin tambaya ko an sa giya. Matambayi ba ya ɓata. Ki ce ba kya cin alade, ba kya cin abin da giya ta taɓa, za su je kicin su tambayo miki, domin sun saba da masu irin wannan buƙata. Wajen abin sha, ki guji saida, ruwan tuffa ne da aka mayar giya, da kuma shandi, wanda rabi lemo ne rabi giya. Lemon citta ma iri biyu ne, sai kin duba kwalba. Akwai shayi da lemon kwalba, kuma tun 2010 doka ta wajabta musu ba ki ruwan famfo kyauta idan kin nema. A yawancinsu ba a zuwa tebur a tambaye ki, kanta ake zuwa a faɗa a biya, kuma kicin kan rufe tsakanin abincin rana da na dare.

Saura babbar magana. Malamai suna kawo hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, saboda haka kafin ki tafi ki nemi fatawa wurin malamin da kika yarda da shi. Wasu 'yan'uwa idan larura ta kama su sukan zauna a lambun waje ko ɗakin cin abinci, a teburinsu su kaɗai. Wasu ko ƙofar ba sa kusanta, guzurinsu suke riƙewa.

Amma ke baƙuwar kwana biyu ce. Wanda ke fama da wannan kullum shi ne ɗanki da ke can. Ranar Juma'a da yamma abokan aiki mashaya suke nufa, malami kan gayyaci ɗalibansa can bayan jarrabawa, kuma al'adarsu ce kowa ya saya wa duk teburin idan layi ya zo kansa. Yaron da ya ƙi zuwa yana jin an bar shi a baya, wanda ya je kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Idan kin kira shi kada ki fara da faɗa. Ki tambaye shi yadda yake yi, ki saurara. Ki nuna masa ya faɗa wa abokansa tun farko cewa ba ya sha kuma ba ya saya wa wani, sannan shi ma ya riƙa gayyatarsu, ko gidan shayi, ko ɗakinsa ya dafa musu dafa-duka. Galibin Turawan Ingila suna girmama wanda ya faɗi matsayinsa sau ɗaya a fili ya tsaya a kai.

Idan kuma Allah ya kai ki Stow, a kewayen dandalin kasuwar akwai gidajen shayi. Ki nemi shayin la'asar, za a kawo miki buta guda da wani ɗan burodi mai ɗumi da ake kira sikon, da kakkauran kirim da jam. Ki riƙe dardumarki a jaka.

Allah ya tsare mana zuri'a a duk inda suke, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya yarda.