DARE MAHUTAR BAWA, AMMA BAN DA MU



Hausawa na cewa dare mahutar bawa. Mu dai tun da muka karɓi difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, dare ya zame mana lokacin lissafi. Mu huɗu muka yi zaman ɗakin haya ɗaya: ɗan Roni, ɗan Gwiwa, ɗan Babura, sai ɗan cikin gari. Kowa ya koma gida, amma in ka leƙa WhatsApp ƙarfe biyun dare a farke za ka same mu. Ga tunanin aiki, ga na kuɗin babbar difloma, ga na aure. Sai an yi kiran sallar farko ido yake fara nauyi.

Da raha muka ɗauki abin, har ranar da gyangyaɗi ya kwashi ɗayanmu a kan babur a hanyar Roni. Allah Ya taƙaita, ƙujewa ce kawai. A ranar ya faɗa mana wata biyu ke nan yana sayen ƙwayar barci a kyamis ba da takardar likita ba, har guda ɗaya ta daina yi masa. Jikinmu ya yi sanyi, don mun ga samarin da kodin ya kassara kafin gwamnati ta hana shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018.

Da muka bincika, ashe idan mutum yana rasa barci dare uku ko fiye a mako har tsawon wata uku, kuma abin yana taɓa harkokinsa da rana, likitoci ciwo suke ɗaukarsa. A binciken ne muka ci karo da atisayen tattara hankali, wanda Jon Kabat-Zinn ya shigar da shi harkar asibiti a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979. Yau manhajoji irin su Calm da Headspace suna koyar da shi a waya. Sai dai muryar Turanci ce, tana cin data, kuma yawancin darussan sai ka biya.

Sai muka ce ai mu marubuta ne. Muka rubuta namu da Hausa, mai taushin murya a cikinmu ya naɗa na minti goma ya tura mana. Bayan addu'ar kwanciya, ka kunna, ka kife wayar. Muryar za ta ce ka saurari shiga da fitar numfashinka, ka bi jikinka daga yatsun ƙafa har ka, kana sakin duk inda ya ɗaure. In tunanin bashi ya faɗo, kada ka yi kokawa da shi. Ka lura ya zo, ka koma kan numfashi. Abin da muka fi shan wuyar koya shi ne daina farautar barci. Barci ɓarawo ne, ba ya shiga gidan da ake gadinsa.

Muka ƙara sharuɗɗa: ba shayi ba goro bayan La'asar, ba duba agogo cikin dare, kuma in barci ya ƙi zuwa, a tashi a zauna a duhu har sai ido ya yi nauyi.

Ba za mu yi muku ƙarya ba, makon farko babu abin da ya canza. Bayan kamar wata guda, uku a cikinmu muka fara kasa jin ƙarshen muryar. Mai ƙwayar kuwa bai samu sauƙi ba sai da muka raka shi asibiti, likita ya gano damuwa ce ta yi masa yawa, ya janye masa ƙwayar a hankali. Waya taimako ce, ba ta maye gurbin likita.

Mun san akwai masu karanta wannan ƙarfe biyun dare. Duk mai son muryar ya yi magana, kyauta ce. Amma in ka gama karantawa, don Allah kife wayar.

Allah Ya ba mu lafiya da barci mai daɗi.