Hoton Akawal

A shekarar 1984, lokacin yunwar da mutanenmu suka laƙaba wa suna El Buhari, mahaifina ya ja dokinsa Akawal daga Kona zuwa kasuwar Tasawa, ya komo da buhunan hatsi. Da hatsin nan muka ga damina. Tun daga ranar bai sake ɗaure doki a turkensa ba, bai kuma sake ambaton sunansa ba sai bana, da tsufa ya kama shi.

Sai na ƙudura in sa a zana masa dokin. Na samu hotuna uku cikin adakar mahaifiyata, na kai wa wani mai zanen allunan shaguna a Maraɗi. Ni dai hankalina yana kan na hawan salla: ga jalala, ga linzami mai ƙyalli, ga tsoho da rawani. Mai zanen ya duba, ya ture shi gefe.

"Alhaji, wannan ai hoton kaya ne. Ina dokin yake?"

Da gaskiyarsa. Ado ya rufe goshi da ƙirji, rana kuma tana bayan dokin, fuskar duk inuwa. Na biyu daga nesa aka ɗauke shi, dokin bai fi ƙwayar gujiya ba. Na uku, wanda na raina, an ɗauke shi da hantsi a bakin turke, babu sirdi, mai hoto yana tsaye daidai da kan dabbar. Haske ya sauka ta gefe, ana ganin ido, da farin tabon goshi, da tsagar kunnen hagu.

Ya ce abin da hoto ya ɓoye, ƙaga shi mai zane zai yi, kuma ƙage ba ya ruɗin wanda ya yi kiwon dabba da hannunsa. Da yake hoton baƙi da fari ne, bai taɓa fenti ba sai da na tambayo Inna launin jikin.

Ranar da na kai zanen Kona, Baba ya jawo shi kusa da idonsa, ya ɗora yatsa kan kunnen. Ya ce: "Ƙaya ce ta tsaga shi, a hanyar Mayahi." Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce a rataye masa shi inda zai riƙa ganinsa daga shimfiɗa.

Duk mai niyya irin tawa, ya bar hoton ranar ado, ya nemi na ranar da dabbar take yadda gida ya san ta. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.