Daga Birnin Gwari Zuwa Samaru: Sharar Da Ba A Kaiwa Bola

Da sassafe muka baro Birnin Gwari, muka ratsa daji ta hanyar Funtuwa, sai ga mu a Samarun Zariya. A nan Jami'ar Ahmadu Bello take da cibiyar binciken makamashi, inda ƙaramin injin nukiliya na farko a Nijeriya ya fara aiki a 2004.

Sharar irin wannan wuri tana fitar da tururin da ido ba ya gani, amma yana lahanta jiki. Shi ya sa dokar 1995 ta kafa hukumar NNRA, kuma babu mai ikon ajiye sharar ko jigilarta sai da lasisinta. A 2018 ma, ƙasar Sin aka mayar wa tsohon yuraniyom ɗin injin.

Ɗalibai, abin ya shafe ku. A 1987, a garin Goyaniya na Brazil, 'yan gwangwan sun fasa wata na'urar asibiti da aka yasar, mutum huɗu suka mutu. In kun ga ƙarfe mai alama kamar fanka mai fiffike uku a kan rawaya, kada ku taɓa, ku gaya wa malaminku. Rigakafi ya fi magani.