Uwa Ba Ɗaya Ba Ce



Kowace shekara idan Ranar Iyaye Mata ta zo, wayoyinmu kan cika da hotuna. Kowa ya sa hoton mahaifiyarsa a Facebook ko WhatsApp, ya rubuta kalmomi masu daɗi a ƙarƙashi. Ban ce laifi ba ne. Amma da yawa daga cikin iyayen nan ba su da wayar da za su ga hoton, wasunsu ma ba su yi karatun boko ba. Sai duniya ta ga godiyarmu, wadda aka yi dominta kuwa ba ta sani ba. Shi ya sa nake so mu duba yadda godiya take isa ga mai ita, da kuma su wane ne suka cancance ta.

A Nijeriya ba rana ɗaya muke bikin nan ba. Wasu ikilisiyoyi, kamar Angilikan, suna bin al'adar Ingila, wato Lahadi ta huɗu cikin azumin da ke gaban Ista. Wasu kuma suna bin ta Amurka, Lahadi ta biyu a watan Mayu. Ta Amurkan a coci ta soma. Wata mata mai suna Anna Jarvis ce ta shirya sujadar tunawa da mahaifiyarta a wata majami'ar Metodis a garin Grafton a 1908, shugaba Woodrow Wilson kuma ya mai da ita ranar ƙasa a 1914. Daga baya Anna ta juya tana yaƙi da bikin, domin ta ga masu sayar da kati da furanni sun mai da shi kasuwa. Burinta shi ne ɗa ya je wurin uwarsa, ko ya rubuta mata wasiƙa da hannunsa. Mu a nan mun daɗe da sanin wannan, tun da muka ce zumunta a ƙafa take.

Bana danginmu a Ƙofar Ruwa muka taru, bayan an tashi daga sujada. Wanda ya san unguwar zai fara tuna kasuwar ƙarafa da kayan gini, amma ni gidan Goggo nake tunawa, yayar mahaifina. Musulma ce, ta tsufa, ƙafa ta hana ta fita. Muka ce in ita ba za ta iya zuwa ba, mu za mu je. Muka ɗauko mahaifiyata da abokiyar zamanta, gama Baba yana da mata biyu kafin ya karɓi Almasihu. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, jikoki suka cika ko'ina.

Na dubi matan nan uku, na ga kowacce tana bina bashi. Inna ce ta haife ni, ta yi wankan jego, ta goya ni. Ni ne ɗanta na fari, har yau ba ta kama sunana saboda alkunya, sai dai ta ce "wancan." Abokiyar zamanta, wadda muke kira Iya, ita ta ɗauke ni lokacin yaye, ita ta kwana ba barci sa'ad da ƙyanda ta kama ni. Goggo kuma ta riƙe ni shekarun da na yi sakandare a Kano. Kowace Lahadi ita take tashe ni, ta ba ni kuɗin mota zuwa coci a Sabon Gari, ta ce kada in makara. Ba mu taɓa zama ɗaya da ita a kan bangaskiya ba, har yau ina mata addu'a. Amma da tuwonta da kuɗin motarta Allah ya raini wanda yake muku wa'azi yau.

Bayan cin abinci, kowane ɗa ya durƙusa a gabansu ya faɗi abu ɗaya takamaimai da yake godiya dominsa. Da na ambaci kuɗin motar, Goggo ta ce, "Ashe kana tune, ɗan nan? Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka." Shekara talatin ke nan da abin, ita ta ɗauka ba wanda ya lura.

Littafi Mai Tsarki ya san irin wannan tarbiyya ta hannu da yawa. Musa ya rayu ne saboda ungozomai biyu, Shifra da Fu'a, da mahaifiyarsa, da yayarsa, da 'yar Fir'auna wadda ba Ba'ibraniya ba ce. A 2 Timoti 1:5 Bulus ya bi sawun bangaskiyar Timoti har zuwa kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. A Romawa 16:13 ya gai da mahaifiyar Rufus, ya ce shi ma uwa ce a gare shi.

Ko bisharar da ta iso ƙasarmu akwai hannun uwa a ciki. Mahaifiyar Walter Gowans ce ta zaunar da saurayi Rowland Bingham a Toronto, ta ba shi labarin ƙasashen nan namu har ya yarda ya bi ɗanta. Su biyu da Thomas Kent suka sauka Legas a Disamba 1893. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya ci gaba, aikin ya zama SIM, daga cikinsa aka sami ECWA a 1954. Matar nan ta ba da ɗanta, mu ne muke cin amfanin.

To, yaya za mu rama? Dokar girmama uwa da uba a Fitowa 20:12 ba ta ce sai in iyayen masu bi ne ba, ba ta kuma tsaya ga daɗin baki ba. A Markus 7 Yesu ya tsauta wa masu cewa sun keɓe dukiyarsu ga Allah don su guje wa taimakon iyayensu. Shi kansa yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, domin kada ta rasa mai kula da ita. Saboda haka kada waninmu ya ce hidimar zumunta ko ta ƙungiyar mawaƙa ce ta hana shi zuwa gida.

Makon nan ka zauna ka rubuta sunayen matan da suka raine ka: uwa, kaka, goggo, matar uba, malamar makarantar Lahadi, 'yar Zumuntar Mata da ta taɓa biya maka kuɗin jarrabawa. Ka zaɓi ɗaya ka je da ƙafarka. In nesa take, ka buga waya. Ka tambaye ta maganin da take sha da nawa ake sayar da shi. In ba ka da kuɗi, ka ɗebo mata ruwa, ka share mata ɗaki, ka zauna ka ji hirarta ba tare da duban waya ba.

Na san akwai waɗanda wannan rana take tayar musu da ciwo. Wani uwarsa ta rasu, wata kuma tsakaninta da tata akwai rauni da bai warke ba. Ubangiji ya ga hawayenku. Ku duba cikin ikilisiya, akwai gwauraye da matan da Allah bai ba su haihuwa ba, waɗanda ba wanda zai ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ku zama 'ya'yansu.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin matan da ka yi amfani da su ka raine mu. Ka ba masu rai lafiya da tsawon kwana, ka ta'azantar da marayu, ka jawo waɗanda ba su san Ɗanka ba zuwa gare shi. Ka koya mana godiyar da take kaiwa har ƙofar ɗaki. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.